Ranar da Na Taka Ruwa da Ƙafata

Kawuna masunci ne a Yawuri. Muna yara, duk hutun da aka kai ni wurinsa, kafin ya bar ni in taɓa ko da igiyar taru sai ya zaunar da ni a gindin jirginsa ya ce: "Ka ga ruwan nan? Ba ya gaba da kowa, ba ya abota da kowa. Wanda ya san shi ya ci abinci, wanda ya raina shi ya zama abinci." Na ji wannan magana har na gaji da jinta. Ban taɓa kawowa a raina cewa inda za ta dawo mini da ƙarfinta shi ne can ƙarshen duniya ba, ina tsaye a tsakiyar tabki da takalma a ƙafata, babu jirgi babu gora, ruwa na kwance a ƙarƙashina kamar an rufe rijiya da faifai.

Aiki ne ya kai ni Helsinki, babban birnin Finland, a watan Maris. Ranar Juma'a bayan an idar da salla na ji wani saurayi yana waya da Hausa, Hausar Damagaram tsantsa. Na jira ya gama na yi masa sallama. Ashe karatu yake a can, shekararsa ta uku ke nan. Kafin mu rabu ya riga ya mai da ni Yaya. Da ya ji saura mini kwana biyar, sai ya ce: "Yaya, in ka koma gida ba ka leƙa arewacin ƙasar nan ba, to filin jirgi kawai ka gani. Zo mu je ka ga inda ake su a kan ƙanƙara." Na ɗauka zolaya ce irin ta ɗalibai. Da ya nuna mini hoto a wayarsa, na ce gani ya kori ji, mu je.

Daga Helsinki zuwa Ivalo tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama, kuma babu filin jirgin da ya fi na Ivalo nisa a arewacin ƙasar. Daga nan mota ta ɗauke mu kusan kilomita 50 zuwa ƙauyen Inari, a bakin tabkin da ake kira da wannan suna. Wannan yanki shi ne Lapland. Ƙaramar hukumar Inari kaɗai ta haura murabba'in kilomita 17,000, wato ta kusa kamo Jihar Kano a faɗi, amma mutanen cikinta duka ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. Unguwa guda a Kano ta ninka su. Sauran duk daji ne, da tuddai, da ruwa.

Sanyin ya tarbe ni tun a matakalar jirgi. Mu a gida, hunturu busawa yake: ya bushe leɓe, ya farfasa dunduniya, in ma'auni ya sauko digiri 12 sai ka ga an hura wuta a ƙofar gida, yara sun makara makaranta. Na can ba ya busawa, cizo yake. Numfashin farko da na ja, na ji gashin hancina ya miƙe ya sandare. Allon filin jirgin ya nuna digiri 22 ƙasa da sifiri. Ɗan Damagaram ya ce mini firizar da masu ƙanƙara ke daskarar da ruwan leda a cikinta digiri 18 ƙasa da sifiri take kaiwa. Wato da zan shiga cikin firizar in rufe, da na ɗan ji ɗumi. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah, domin a watan Janairun 1999, a wani ƙauye mai suna Pokka a nan Lapland ɗin, an auna digiri 51.5 ƙasa da sifiri, kuma har yanzu shi ne sanyi mafi tsanani da aka rubuta a tarihin ƙasar.

Washegari da safe jagoranmu ya zo. Dattijo ne da zai kai shekara sittin, gajere, kakkaura, fuskarsa kamar an jeme ta. Ya miƙo hannu, ya faɗi sunansa, shi ke nan gaisuwa ta ƙare. Ni da na saba a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi sanyi, sai na tsaya da sauran gaisuwata a baki. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kama bakin singiletina ya murza, ya girgiza kai. Auduga ce. Ya ce in cire. Auduga tana riƙe gumi, gumi kuwa a wannan wuri shi ne makashi: jiki ya jiƙe, iska ta bi ta kai, sanyi ya shiga ƙashi. Ya ba ni na ulu na sa a ciki, na ɗora wata riga mai kauri, sannan wata doguwar riga haɗe da wando wadda iska ba ta ratsawa. Takalman da ya ba ni sun fi ƙafata girma da gangan, domin safa biyu su shiga kuma jini ya sami hanyar gudu. Safar hannu biyu, hula mai rufe kunne, da baƙin tabarau, saboda hasken rana a kan farar dusar ƙanƙara yana iya ƙona ido.

Abu na ƙarshe da ya rataya mini a wuya shi ne ya kashe mini jiki: wasu tsinkayen ƙarfe guda biyu masu ƙota, haɗe da igiya, kamar basilla. Ya ce idan ƙanƙara ta fashe da ni, kada in yi ƙoƙarin ci gaba. In juya ta inda na fito, domin wannan ƙanƙarar ce ta riga ta nuna za ta iya ɗaukata. In cake tsinkayen a kanta, in riƙa harba ƙafa kamar mai iyo, in ja jikina sama. In na fito kuma kada in miƙe tsaye, in mirgina kamar buhu har in yi nisa. Ya faɗi wannan duka kamar mai kwatanta hanyar kasuwa. Na dubi ɗan Damagaram. Ya ce: "Yaya, ka yi bisimilla kawai."

Abin hawanmu wani irin babur ne na dusar ƙanƙara: gabansa silalla biyu a maimakon taya, bayansa sarƙa mai faɗi irin ta katafila. A bayansa aka ɗaura wani amalanke marar taya, an shimfiɗa fatu a ciki, muka zauna kamar kayan da za a kai kasuwa. Muka gangara daga ƙauyen, muka ratsa tsakanin gidaje biyu, itatuwa suka ƙare, fili ya buɗe fari fat har iyakar gani. Mun yi kusan minti goma muna gudu kafin in tambayi abokin tafiyata yaushe za mu kai tabkin. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Yaya, ai tun ɗazu a kansa muke."

Tabkin Inari shi ne na uku a girma a ƙasar da ake ƙidaya tabkunanta kusan 188,000. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, tsibiran cikinsa sun fi 3,000, kuma akwai inda zurfinsa ya kai mita 92. Ruwansa yana fita ta kogin Paatsjoki, ya bi iyakar Norway da Rasha, ya faɗa Tekun Barents. Yana fara daskarewa wajen watan Nuwamba, ba ya sakin ƙanƙara sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Wato fiye da rabin shekara, wannan ruwa hanya ce. An ma kakkafa sanduna a jere domin nuna inda ake bi, kamar yadda ake jera duwatsu a hanyar Sahara.

Amma dattijon bai daɗe a kan hanyar sandunan ba. Ya karkata ya shiga tsakanin tsibirai. A nan na fara lura da shi. Wani wuri yakan yi gudu, wani wuri ya rage, wani wurin kuma ya yi dogon zagaye alhali ga hanya a miƙe, fara ƙal kamar ko'ina. A idona duk wuri ɗaya ne. Da muka tsaya na tambaye shi dalilin zagayen. Ya nuna wata 'yar mashiga tsakanin tsibirai biyu ya ce ruwa yana gudu a ƙarƙashin wurin, yana cin ƙanƙarar daga ciki. Sama lafiya, ƙasa rami. Na ce yaya aka yi ya sani? Ya ce mahaifinsa ne ya nuna masa, shi ma nuna masa aka yi. Baƙo ko da ido makaho ne.

Sauka daga amalanken nan ita ce jarrabawar farko. Hankalina ya san ƙanƙarar ta ɗauki babur da mutum uku, amma ƙafata ba ta yarda ba. Na sauke ta a hankali kamar mai taka ƙwai. Dattijon bai ce komai ba. Ya share dusar da ƙafa, ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai murɗi da wuƙaƙe biyu a baki, wanda suke kira kaira, ya kafa ya fara juyawa. Garin ƙanƙara yana tasowa kamar ana niƙa farar masara. Ya yi ta juyawa, ƙarfen yana nitsewa, har ya kusa ƙarewa, sannan aka ji ɓul, baƙin ruwa ya taso ya cika ramin. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ya zura sanda mai ma'auni ya maƙalo ƙasan ƙanƙarar, ya nuna mini: santimita 80. Ya ce santimita 15 na tsantsar ƙanƙara mai garai-garai sun isa su ɗauki babur ɗinmu. Sai dai ƙanƙara iri biyu ce. Akwai wadda ruwan tabkin ne ya daskare kai tsaye, mai duhu da ƙarfi, suna kiranta ƙanƙarar ƙarfe. Akwai kuma fara, wadda jiƙaƙƙiyar dusa ce ta daskare, cike da iska, ƙarfinta bai wuce rabin na waccan ba. Ba kauri kaɗai ake dubawa ba, har da iri.

Ya miƙo mini ƙarfen in huda nawa. Kafin in kai rabi kafaɗuna sun ɗauki zafi, gumi ya fara tsattsafo mini. Ya dafa ni ya ce in tsaya, in buɗe rigata in sha iska tukuna. A cikin sanyin da ya fi firiza, an hana ni yin gumi.

Tambayar da ke cina tun a jirgi ita ce yadda kifi ke rayuwa a ƙarƙashin wannan dutse. Amsar tana cikin wata hikima da Allah ya sa a ruwa. Yawancin abubuwa idan suka daskare nauyi suke ƙarawa su nitse. Ruwa kuwa ya fi nauyi a wajen digiri 4. In ya daskare sai ya kumbura ya yi sauƙi, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman kofin zoɓo. Saboda haka tabki daga sama yake daskarewa, ƙanƙarar da dusar da ke kanta su zama bargo, ruwan ƙasa ya zauna da ɗan ɗuminsa. Da ƙanƙara nitsewa take, da tabkin ya daskare daga ƙasa har sama, da babu kifin da zai ga bazara. Na tuna da gaiwa, wadda idan fadama ta ƙafe take shigewa cikin laka ta naɗe kanta ta jira damina, har manomi ya tono ta da fartanya. Can ƙasa ce ke bushewa ta rufe kifi, nan ruwa ne ke ƙanƙarewa ya rufe shi. Kowanne dai jira yake.

Kayan sun nasu ya ba ni dariya. Sandar fatsar ba ta fi kamu ɗaya ba, kamar abin wasan yara. A bakin zaren akwai ɗan ƙarfe mai walƙiya da ƙugiya a ƙasa, shi ne pilkki, kuma da shi ake kiran sana'ar gaba ɗaya. Abin ɗana wa kifi tsutsa ce, wadda dattijon ke ajiyewa a ɗan gwangwani cikin aljihun ƙirjinsa domin kada ta daskare. Sai wani ludayi mai huda-huda, sak matsamin mai ƙosai, na kwashe ƙanƙarar da ke sake haɗuwa a bakin ramin, domin in ka yi sakaci minti kaɗan ramin zai fara rufewa. Ana sakin zaren har ya taɓa ƙasa, a ɗan ɗago, a girgiza, a tsaya, a sake girgizawa. Iyakar aikin ke nan. Sauran haƙuri ne.

Muka zauna, kowa da raminsa, tazarar taku ashirin a tsakani. Nan na gamu da abin da ya fi sanyin ba ni mamaki: shiru. Ban taɓa sanin cewa ban taɓa jin shiru ba sai ranar. Ko a tsakar dare a ƙauye akwai gyare, akwai kare, akwai jaki, akwai tarin wani tsoho. A nan babu tsuntsu, babu ƙwaro, babu ganye mai motsi. Dusar tana haɗiye kowane sauti. Ina jin bugun zuciyata a kunnena. Mu biyu ba mu jure ba. Bayan kwata ɗin awa mun fara jefa wa juna hira daga rami zuwa rami, daga farashin gero a Damagaram zuwa wasan Kano Pillars. Dattijon yana can zaune kamar kututture, awa guda cur bai ce uffan ba, kuma a gefensa kifaye uku sun riga sun sandare. A wurin mutanen ƙasar zama da mutum a yi shiru ba fushi ba ne, girmamawa ce. Sannu a hankali hirarmu ta mutu da kanta.

Muna cikin haka sai wata ƙara ta taso daga ƙarƙashinmu, doguwa, kamar an buga babban tambari a cikin rijiya, ta ratsa ta wuce can nesa. Ban san lokacin da na miƙe ba, hannuna a kan tsinkayen wuyana, bakina yana innalillahi. Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ƙanƙara ce ke miƙa. Rana ta ɗaga, sanyi ya ragu, sai ta buɗe. Dare ya yi, ta tsuke. Ƙanƙara mai kauri ce ke irin wannan kuka. Wadda ake tsoro ita ce ta ƙarshen bazara, ruɓaɓɓiya, wadda ke buɗe baki ba tare da ta yi gargaɗi ba.

Da ya ga ramina bai ba da komai ba, ya tashe mu muka matsa kusa da wani tsibiri inda ruwan bai wuce mita huɗu ba. Ya huda sabon rami, ya shimfiɗa fata, ya ce in kwanta rub da ciki, in kafa ido a ramin, in rufe kaina da riga. Da farko duhu kawai. Can idona ya saba, sai wata duniya ta buɗe: haske kore-kore yana ratsowa ta ƙanƙarar, ruwan garau kamar gilashi, ga duwatsu a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ga ɗan ƙarfena yana rawa. Sai ga wata inuwa ta shigo a hankali. Kifi ne. Ya zagaya ƙugiyar, ya tsaya, ya ja da baya, ya sake dawowa. Kullum ana cewa kifi na ganinka mai jar koma. Ranar dai ni ne nake ganinsa. Na riƙe numfashi. Ya buɗe baki.

Yadda na fito da shi ban sani ba. Na dai ga kaina a durƙushe, zare ya harɗe mini hannu, kifi yana tsalle a kan dusa. Ban taɓa ganin mai kyansa ba: bayansa duhu, jikinsa da ɗige-ɗige masu haske, cikinsa ja kamar garwashi, bakin fukafukansa fari kamar an yi masa ado. Suna kiransa rautu, kifin ruwan sanyi ne wanda babu na ruwan daɗi da ya kai shi nisa a arewacin duniya. Ɗan Damagaram yana ta kabbara. Dattijon ya cire safar hannu, ya jiƙa hannunsa, ya ɗora kifin a kan ma'auni. Santimita 42. Dokar tabkin Inari ta ce irin wannan kifi sai ya kai 45. Ya zare ƙugiyar, ya mai da kan kifin cikin ramin, ya sake shi. Wutsiya ɗaya, ya ɓace.

Na ce: "Baba, yatsa biyu fa kawai ya rage! Wa zai gani a nan?" Ya waiga gabas da yamma, babu kowa har iyakar ido. Ya ce: "Ni na gani." Ya mai da safarsa. Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa in na dawo baɗi kifin zai kai.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma ina zaune sai Argungu ta faɗo mini. Dubban masunta da ke rugawa cikin Matan Fada da koma da gora ranar biki suna samun manyan giwan ruwa ne domin an hana taɓa wannan wuri sauran kwanakin shekara, kuma Sarkin Ruwa yana tsaye a kan haka. Dokar da na taso ina gani ce, ta canza tufafi kawai.

A Finland, su da fatsa ta ramin ƙanƙara haƙƙin kowa ne a mafi yawan ruwaye: ɗan ƙasa da baƙo, babu lasisi babu haraji. To kuɗin me muka biya dattijon? Ba na ruwa ba ne, ba na kifi ba ne. Na abin da ke cikin kansa ne: inda za a taka, inda za a kauce, inda kifi ke kwana a watan Maris, da lokacin da farin tabo a kumatun baƙo ke nufin sanyi ya fara cin naman. Sau biyu yana zuwa ya leƙa fuskata, ya sa in rufe hancina da tafin hannu har jini ya dawo.

Da azahar ta yi muka hau tsibirin. Ya ba mu ruwan ɗumi daga fulas muka yi alwala da sauri, muna goge kowace gaɓa nan take. Da na juya gabas bisa sabo, abokina ya kamo hannuna ya juya ni. Daga can alƙibla kudu take, da ɗan karkata gabas. Muka yi salla a kan fata, goshina yana jin sanyin ƙasa ta cikin gashinta. Dattijon ya ja gefe ya ba mu baya har muka sallame, sannan ya hura wuta a kan dusar da ɓawon wani farin itace mai kamawa ko da danshi. Tun kafin mu taso ya tambayi abin da ba mu ci, don haka tsiran alade da aka saba gasa wa baƙi bai zo da shi ba. Ya yi mana romon kifin da ya kama, da dankalin Turawa da madara, muka haɗa da baƙin burodi. Ya dafa gahawa a wata buta da hayaƙi ya mai da baƙa ƙirin, ya zuba mana a kofunan da aka sassaƙa daga ƙullin itace, masu suna kuksa. Na ci abinci a manyan otal, amma ban tuna wanda ya kai wannan romon ba.

Wuta ce ta buɗe masa baki. Ya ce dangin mahaifiyarsa Sami ne na Inari. Sami su ne 'yan asalin wannan yanki, sun bazu a arewacin Norway, Sweden, Finland da Rasha, kuma a Inari kaɗai harsunansu uku ake yi. Duniya ta san su da kiwon poro, wata dabba dangin barewa mai ƙaho kamar rassan itace, wadda a kan fatarta muke zaune. Amma Sami na bakin tabkin nan tun asali masunta ne, kamar Sarkawanmu, kuma masu jin harshensu 'yan ɗaruruwa ne kawai suka rage. Na tambaye shi ko yana da poro, ya ce yana da su. Kowane mai dabba da irin tsagar da yake yi a kunne, a gane nasa. Na ce guda nawa? Ɗan Damagaram ya taka mini ƙafa. Dattijon ya yi murmushi ya ce suna nan a gefen itace ta nan da ta can. Ashe tambayar da ba a yi ce, daidai da ka tsare Bafulatani ka ce ya ƙirga maka shanunsa.

A hanyar dawowa ya biya da mu wurin tarunsa, wanda shi kam sai da izini ake kafawa. Yadda ake shimfiɗa taru a ƙarƙashin ƙanƙara dabara ce ta kakanni: a huda ramuka a jere, a zura doguwar sanda mai igiya ta ramin farko, a riƙa tura ta daga rami zuwa rami har ta ɓulla a na ƙarshe, sannan a ja tarun da igiyar. Ya fasa bakin ramin, ya fara ja da hannu tsirara, ruwa yana daskarewa a kan zaren yana ja. Fararen kifaye masu suna siika suka riƙa fitowa, kowanne ya yi tsalle biyu uku ya sandare. Har da wani mai santsi da gemu ɗaya tal a haɓa, wanda na rantse ɗan'uwan tarwaɗa ne. Shi a tsakiyar hunturu yake ƙwai, a ƙarƙashin ƙanƙara. Daga nesa ya nuna mana wani tsibiri mai tsayi kamar tozon raƙumi, Ukonsaari, inda Sami na dā suke kai hadaya. Bai matsa kusa ba, mu ma ba mu nema ba.

Da dare, bayan sun saka ni a ɗakin siracensu mai suna sauna, inda zafi ya kai digiri 80 har na yi kewar sanyin, abokina ya buga mini ƙofa ya ce in fito maza. Sama ta kama da wani koren haske, yana naɗewa yana warwarewa kamar ana kaɗa rawani daga wannan gefen duniya zuwa wancan. Masana sun ce ƙwayoyin da rana ke fesowa ne suke karo da iskar sama, can nisan kilomita 100 ko fiye. Mutanen ƙasar kuwa suna kiransa revontulet, wutar yanyawa, wai wata yanyawa ce ke gudu a kan tuddai tana watsa dusa sama da wutsiyarta. Na ɗaga waya in ɗauka, sanyi ya kashe batirin nan take. Na mai da ita aljihu na ce Subhanallah, na kalla da idona.

Bayan na dawo gida na je Yawuri. Kawu ya tsufa, ba ya shiga ruwa, amma yana nan a bakin kogi yana gyaran taru. Na zauna na kwashe labari duka na faɗa masa, na nuna masa hotuna. Na zaci zai ce ƙarya nake, ko ya riƙe baki. Babur bai dame shi ba, koren haske bai dame shi ba, ko tafiyar da na yi a bisa ruwa bai tanka ba. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon hoton dattijon durƙushe a bakin rami, hannu tsirara cikin ruwa.

Ya ce: "Wurin nan da ya zagaye bai bi ba, wa ya nuna masa?"

Na ce: "Mahaifinsa, Kawu."

"Kifin kuma da hannunsa ya mayar?"

"Da hannunsa."

Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Can ya ce: "To, ɗan ruwa ne. In ka sake komawa, ka ce ina gaishe shi."